Babi na Biyar: Jiki Magayi, Ƙwaƙwalwa Alƙali

Me ya sa 'yar ƙayar da ta shige ƙarƙashin farce take hana ƙato barci, alhali manomi yakan sari ƙafarsa da fartanya ya ci gaba da noma, bai ma ankara ba sai ya ga jini a kan kunya? Me ya sa ciwon haƙori yake lafawa da rana ana tsakiyar hada-hadar kasuwa, sai dare ya tsala ya dawo da ƙarfinsa? Kuma idan yaro ya faɗi ya kurje gwiwa, uwarsa ta hura masa, ta murza wurin, ta ce "sannu, ai ya warke", sai kukan ya tsaya, rarrashi ne kawai ko kuwa akwai abin da hannun uwa yake yi da gaske?

Hausa ba ta rasa kalmomin ciwo ba. Kai yana sara, ciki yana murɗawa, haƙori yana zogi, ƙuna tana raɗaɗi, ƙirji yana suka, gaɓoɓi suna tsami. Kowace kalma da inda take zaune a jiki, kuma mai ciwo yakan ɗora yatsa ya ce "nan ne." Gaskiyarsa, a nan yake ji. Sai dai wurin da ake jin ciwo daban, wurin da ake haɗa shi daban. Mu bi sawunsa daga fata har cikin kai.

Igiyar ƙararrawa

A wani littafin masanin Faransa René Descartes da aka buga a 1664, bayan rasuwarsa, akwai zanen wani yaro ya miƙa ƙafa kusa da wuta. Wani siririn zare ya tashi daga ƙafar, ya bi ta baya, ya shige cikin kai. A ganinsa wuta takan ja zaren ne kamar yadda ake jan igiyar ƙararrawa, can sama sai a ji kaɗawa. Aka ja da ƙarfi, ƙara ta yi yawa. Aka ja a hankali, ta yi kaɗan.

Bayanin yana da daɗin ji, kuma kusan shekara ɗari uku likitoci suna tafiya a kansa. Da yawanmu ma har gobe haka muka ɗauka: girman rauni, girman ciwo. Rabin maganar daidai ne, domin zaren yana nan. Abin da Descartes bai sani ba shi ne akwai masu tare saƙon a hanya, kuma wanda yake can sama ba ƙararrawa ba ce da za ta kaɗa duk lokacin da aka taɓa ta.

Masu gadi a fata

A cikin fata, da nama, da gaɓoɓi, da kayan ciki, akwai bakunan jijiyoyi ƙanana ƙwarai waɗanda ba su da aiki sai gadi. Shafa ba ta tashinsu, iska ba ta tashinsu. Abin da yake tashinsu shi ne zafin da zai iya ƙona nama, ko matsi mai tsanani, ko yanka, ko sinadaran da nama yake fitarwa idan ya ji rauni ya kumbura.

Barkono ne ya tona asirin ɗaya daga cikinsu. A 1997 David Julius da abokan aikinsa a San Francisco ta Amurka suka gano wata 'yar kafa a jikin waɗannan jijiyoyi wadda sinadarin yaji na barkono yake buɗewa. Da suka ƙara bincike sai suka ga zafin da ya haura digiri 43 a ma'aunin Salsiyos shi ma ita yake buɗewa. Ashe da muke cewa miya ta yi zafi, muna nufin yaji ko muna nufin wuta, jijiyar ba ta bambance su ba, mabuɗi biyu ne na ƙofa ɗaya. Shi ya sa mai cin tsire da yaji yake gumi yana hura baki ko da naman ya huce. Man shafawa mai mentol kuwa kafar sanyi yake buɗewa, fata ta ji sanyi alhali ba abin da ya sauya a ɗuminta. Wannan aiki ne ya ba Julius lambar Nobel a 2021, tare da Ardem Patapoutian.

Saƙon masu gadin nan hanya biyu yake bi. Akwai jijiyoyi masu rufi da suke kai shi da gudun da kan kai mita 30 a daƙiƙa ɗaya, kamar mota a kan babban titi. Akwai kuma sirara marasa rufi, waɗanda ba su wuce mita ɗaya zuwa biyu a daƙiƙa, tafiyar mai ƙafa. Duk wanda ya taɓa yin tuntuɓe da daddare ya san su duka biyun. Da farko wani tsinin zafi ne yake zuwa kamar walƙiya. Sai a ɗan yi shiru, har mutum ya fara cewa abin da sauƙi. Sannan zogin ya iso, mai nauyi, mai faɗi, wanda yake zaunar da mutum ya riƙe yatsa. Mai mota ne ya fara isowa, mai ƙafa ya biyo baya.

Kafin ma ɗayansu ya kai ƙwaƙwalwa, laka, wato igiyar jijiya da ke cikin ƙashin baya, ta riga ta ɗauki mataki. Uwargida ta kai hannu ga murfin tukunya ba ta san ya yi zafi ba. Hannun ya fizge, murfin ya faɗi ƙasa, sai bayan nan ta ce "wash!" Laka ce ta ba da umarnin fizgewar ba tare da ta jira izini daga sama ba. A wannan ɗan taƙin, saƙo yana tafiya, hannu ya motsa, amma ciwo bai samu ba tukuna. Abin da yake gudana a jijiya labarin haɗari ne. Sai ya isa inda za a saurare shi sannan ya zama ciwo.

Ƙofa a cikin laka

A 1965 mutum biyu, Ronald Melzack ɗan Kanada da Patrick Wall ɗan Ingila, suka kawo bayanin da ya sauya tunanin likitoci. Suka ce a inda jijiyoyin jiki suke shiga laka akwai abin da ya yi kama da ƙofa. Labarin haɗari yana son wucewa, amma ba shi kaɗai yake zuwa ba. Jijiyoyin da suke ɗauko labarin shafa da murza sun fi kauri, sun fi sauri, kuma idan suka iso sukan tayar da wasu ƙananan ƙwayoyin jijiya da aikinsu shi ne tura ƙofar.

Ga amsar tambayarmu game da hannun uwa. Da ta murza gwiwar yaron, ta cika hanyar da labarin shafa, ƙofa ta ɗan rufu, abin da yake kaiwa sama ya ragu. Haka wanda ya buge gwiwar hannu yake kama wurin yana murzawa ba wanda ya koya masa. Daga baya an gyara wasu sassa na bayanin Melzack da Wall, amma gindinsa bai motsa ba. Abin da ya fi muhimmanci a cikinsa kuwa shi ne wani zance na biyu: akwai jijiyoyi da suke saukowa daga ƙwaƙwalwa zuwa wannan ƙofa, su buɗe ta ko su rufe. Wato wanda ake kai wa ƙara yana da hannu a kan yawan ƙarar da za ta iso gare shi.

Soja da magini

A Yaƙin Duniya na Biyu wani likitan Amurka, Henry Beecher, ya yi aiki a fagen daga a Italiya. Ya riƙa tambayar sojojin da aka kawo da munanan raunuka, masu karayar ƙashi da waɗanda harsashi ya huda wa ƙirji ko ciki, ko suna son a ba su abin kashe zafi. A rahoton da ya fitar a 1946 a kan mutum 215, kusan uku cikin kowane huɗu sun ce ba sa bukata. Suna cikin hayyacinsu, ba suma suka yi ba. Beecher ya yi tunanin dalili: ga sojan da yake kwana yana jiran mutuwa, raunin nan takardar sallama ce. An fitar da shi daga wuta, ya tsira da ransa. Irin wannan rauni a jikin farar hula kuwa farkon masifa ne: aiki zai tsaya, iyali za su shiga wani hali.

Sai kuma kishiyar wannan. A 1995 wata mujallar likitoci ta Birtaniya ta ba da labarin wani magini ɗan shekara 29 da ya diro a kan ƙusa mai tsawon santimita 15. Ta huda takalminsa ta ƙasa ta ɓullo ta sama. Aka kawo shi asibiti cikin azaba, ko taɓa ƙusar aka yi sai ya yi ihu, dole aka yi masa allura mai ƙarfi kafin a zare ta. Da aka cire takalmin sai aka ga ƙusar ta bi ta tsakanin yatsu ne. Ko ƙwarzane babu.

Kada mai karatu ya ce maginin nan ƙarya ya yi. Idonsa ya ga ƙusa ta ratsa takalmi, fatarsa ta ji ƙarfe yana gogarta, ya san irin abin da ƙusa take yi wa ƙafa. Ƙwaƙwalwarsa ta tattara waɗannan shaidu ta yanke hukunci cewa ƙafa tana cikin babban haɗari, ta kuma fitar da ciwon da ya dace da wannan hukunci. Azabar da ya sha ta gaske ce, hukuncin ne aka gina a kan shaidar da ba ta inganta ba. Hausawa suna cewa jiki magayi. Haka ne, jiki shi yake kawo ƙara. Amma ƙwaƙwalwa ce alƙali, kuma ba ta yanke hukunci sai ta duba abin da ido ya gani, da abin da ya taɓa faruwa, da abin da ake tsoro, da abin da ya fi gaggawa a wannan lokaci. Manomin da yake tseren gama kunya kafin hadari ya sauko, alƙalinsa ya ɗage sauraron ƙarar ƙafa. Mai ciwon haƙori da dare kuwa, kasuwa ta watse, ba sauran wata ƙara a gaban alƙali sai ta haƙorin.

A wane ɗaki ake zaman shari'ar?

Wani abin mamaki shi ne naman ƙwaƙwalwa kansa ba shi da masu gadin nan. Tun a shekarun 1930 likita Wilder Penfield yake yi wa masu farfaɗiya aiki a birnin Montreal idonsu biyu. Ya kashe zafin fatar kai, ya buɗe ƙoƙon, yana taɓa ƙwaƙwalwa suna hira da shi. Ciwon kai da muke fama da shi daga mayafin ƙwaƙwalwa yake tasowa, da jijiyoyin jini, da naman wuya da na fatar kai.

An daɗe ana neman wani gurbi guda da za a ce nan ne cibiyar ciwo, ba a samu ba. Labarin yana hawowa daga laka ya sauka a wata tasha a tsakiyar kai mai suna talamus, daga nan a rarraba shi. Wani kaso yana zuwa saman ƙwaƙwalwa, inda akwai taswirar jiki tun daga yatsan ƙafa har leɓe. Wannan sashe shi yake faɗin a ina ne, suka ce ko ƙuna, kuma ƙarfinta nawa. A taswirar nan yatsun hannu da leɓɓa sun ci fili mai yawa, baya kuwa ɗan kaɗan, shi ya sa za ka nuna daidai inda ƙaya take a yatsa amma ciwon baya sai dai ka shafa wuri mai faɗi. Wani kason kuma yana zuwa sassa biyu da ke can ciki, insula da singulet, waɗanda suke da alaƙa da damuwa da ƙyama da tsoro. Su ne suke sa abin ya dame ka, ka ji ba ka son sa, ka ƙagu ya tafi.

A kullum waɗannan biyun tare suke zuwa, har ba ma tunanin za su rabu. Amma sukan rabu. A 1928 likitoci biyu a Biyana ta Ostiriya, Paul Schilder da Erwin Stengel, suka bayyana wata mata da ta sami lahani a ƙwaƙwalwa. Idan aka soke ta da allura ta san an soke ta, amma ba ta janye jiki, abin bai dame ta ba. An ci gaba da ganin irin waɗannan marasa lafiya, galibi masu lahani a wajen insula: za su ce maka "e, da zafi", suna murmushi. A 1997 kuma masu bincike a Montreal suka sa mutane tsoma hannu a ruwan zafi, suka yi amfani da dabarar saka tunani wajen gaya musu cewa zafin zai dame su ƙwarai, ko kuma ba zai dame su ba. Ruwan bai sauya ba. Sashen taswirar jiki bai nuna wani bambanci ba. Singulet kuwa aikinta ya riƙa hawa da sauka daidai da yadda mutanen suka ce abin ya dame su.

Saboda haka ne ƙungiyar masana ciwo ta duniya, a ma'anar da ta bayar a 1979 ta kuma sabunta a 2020, ta haɗa ji na jiki da ji na rai a cikin jimla ɗaya, ta kuma yarda cewa ana iya jin ciwo ko da nama bai lalace ba.

Ƙafar da babu

Babu hujjar da ta fi wannan ƙarfi a kan cewa a ƙwaƙwalwa ake haɗa ciwo. Mafi yawan waɗanda aka yanke wa hannu ko ƙafa suna ci gaba da jin gaɓar tana nan, kuma fiye da rabinsu suna jin tana ciwo: yatsun da aka binne suna ƙuna, tafin hannun da babu shi ya dunƙule har farce yana shiga nama. Likitan Amurka Silas Weir Mitchell ya rubuta labarin irin waɗannan a 1871, bayan ya kula da sojojin yaƙin basasar ƙasarsu. Gaɓar ta tafi, amma gurbinta a taswirar ƙwaƙwalwa yana nan, kuma guntayen jijiyoyin da aka yanke suna ta aiko da saƙo a hargitse.

A shekarun 1990 V. S. Ramachandran, a Kaliforniya, ya gwada wata dabara mai arha. Ya kafa madubi a cikin akwati yadda mara lafiya zai sa lafiyayyen hannunsa ya ga hotonsa a daidai inda yankakken ya kamata ya kasance. Ya ce masa ya buɗe hannayen duka biyu. Ido ya ga hannun da babu ya buɗe, kuma a wurin wasu daga cikinsu ƙullewar da ta shekara tana azabtar da su ta saki. Dabarar ba ta yi wa kowa aiki, amma inda ta yi, sabuwar shaida ce aka gabatar wa alƙali ya sassauta hukunci. Na kawo wannan ne musamman saboda waɗanda haɗarin mota ko ciwon suga ya raba da ƙafa a garuruwanmu. Da yawa sukan ɓoye wannan ciwo don gudun a ce sun taɓu ko an yi musu jifa. Abu ne sananne a likitance, kuma ya kamata a faɗa wa likita.

Maganin da ke cikin kai

Da me ƙwaƙwalwa take rufe ƙofar laka? A 1969 wani mai bincike, David Reynolds, ya sa wa ɓeraye 'yar wutar lantarki a wani gurbi can ƙasan ƙwaƙwalwa, har aka yi musu aikin ciki ba tare da maganin barci ba, ba su nuna alamar ciwo ba. A 1973 aka gano cewa ƙwayoyin jijiya suna da gurabe na musamman da mofin, maganin kashe zafi da ake samu daga wata fulawa, yake shiga ya zauna daram. Tambaya ta taso: me zai sa jikin mutum ya tanadi kujera domin sinadarin wata fulawa? Amsa ta zo a 1975 daga birnin Aberdeen na Sikotilan, inda John Hughes da Hans Kosterlitz suka gano cewa jiki yana haɗa nasa sinadaran masu aiki irin na mofin. Su ne dangin da ake kira endofin.

Tsammani kaɗai yana iya sakin su. A 1978 aka gwada wasu da aka cire wa haƙori: aka yi musu allurar da babu magani a ciki, wasunsu suka ji sauƙi. Da aka ba su wani magani mai toshe guraben mofin, sauƙin ya gushe. A 2011 kuma, a Oxford, aka riƙa ɗora wa mutane 22 zafi a ƙafa suna ba shi maki daga sifili zuwa 100. Da farko matsakaicin makin 66 ne. Aka fara ɗura musu magani mai ƙarfi ta jijiya ba a gaya musu ba, ya sauko 55. Aka ce musu yanzu an fara ba ku magani, ya sauko 39. Sannan aka ce musu an tsayar, alhali yana ci gaba da shiga jikinsu. Makin ya koma 64. Magani ɗaya, adadi ɗaya, kalmar baki ta ninka amfaninsa, wata kalmar kuma ta kusa shafe shi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin shaɗi ya ga wannan da idonsa. Saurayi ya tuɓe riga, ya ɗaga hannuwa, ana kiɗa, ana yi masa kirari, 'yan'uwa da 'yammata sun kewaye. Tsumagiya ta sauka a haƙarƙari har fata ta fashe, ko gezau. Akwai horo da dauriya a ciki, babu shakka. Amma kuma shi ya zaɓi tsayuwar, ya san lokacin da bugun zai sauka, ya san abin da zai samu idan ya daure, kuma duk waɗannan suna cikin abubuwan da suke tura ƙofa. A yi masa rabin wannan dukan a duhu, bai san wanda ya kama shi ba, sai an ji muryarsa.

Sai dai a yi hattara. Rashin kuka ba shi ne rashin ciwo ba. Mace mai naƙudar fari da ta cije leɓe saboda kunya, kada a ce ta yi raki, ta danne murya ne, azabar tana nan. A tambaye ta, kada a auna da shirunta.

Da babu ciwo fa?

A 2006 masu bincike daga Cambridge suka ba da labarin wasu iyalai a arewacin Pakistan da 'ya'yansu ba su taɓa jin ciwo ba tun haihuwa, saboda wata 'yar kafa guda a jijiyoyin gadi ba ta aiki. Suna jin shafa, suna bambance ɗumi da sanyi. Amma sun ciccije leɓɓansu da harsunansu tun suna jarirai, wasu sun karye ba a sani ba sai da ƙashin ya haɗe a karkace. Yaron da ya fara jawo hankalin likitoci yakan yi wasa a titi yana soka wuƙa a hannu yana taka garwashi. Ya rasu a wajen shekara 14 bayan ya diro daga kan soro.

Mu ma mun san wannan a gida. An daɗe ana zaton kuturta ce take cinye yatsu. Likita Paul Brand, da ya yi shekaru yana aiki a Vellore ta Indiya, ya nuna cewa cutar jijiya take kashewa. Sai mutum ya ɗauki tukunya daga wuta bai ji ba, ya yini da tsakuwa a takalmi, gyambo ya ci ya kai ƙashi. Haka ƙafar mai ciwon suga take lalacewa. Shi ya sa ake ce musu su duba tafin ƙafarsu kullum, ido ya karɓi aikin mai gadin da ya mutu.

Ciwon da ya ƙi tafiya

Akwai kuma mai gadin da ya ƙi yin shiru. Idan ciwo ya wuce wata uku likitoci sukan sa shi a wani aji daban. A 1983 Clifford Woolf ya nuna cewa idan labarin haɗari ya yi ta dukan laka, ƙwayoyinta sukan sauya su zama masu saurin tashi. Abin da a da shafa ne sai ya koma zafi, kuma zafin ya bazu zuwa inda babu rauni. Rauni yakan warke, amma ƙofa ta saba da zama a buɗe. Rashin barci, da fargaba, da baƙin ciki, da daina motsi don tsoron fama ciwo, duk suna ƙara riƙe ta a buɗe.

Hoto ma ba ya faɗin komai. A 1994 aka ɗauki hoton bayan mutum 98 da ba sa ciwon baya ko kaɗan. Kashi 36 cikin 100 ne kawai aka samu faya-fayan da ke tsakanin ƙasusuwan bayansu duk lafiya lau. Ga masu lahani a hoto ba sa jin komai, ga kuma masu kwana a zaune da hotonsu bai nuna komai ba.

Raki

Wannan kalma ita ce ta sa na rubuta babin nan da zafin zuciya. Wani dare cikin hunturu muka kai 'yar yayata asibiti, tana da shekara 16, mai sikila ce. Sanyi yana cikin abubuwan da suke tayar da ciwon: ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyi, ƙashi ya rasa iskar da yake bukata. A waje ba a ganin komai, ba jini, ba kumburi. Tana kwance a kan benci ta dunƙule, ta ƙura wa wayarta ido, domin tun tana ƙarama ta koyi cewa shagaltar da hankali yana ɗan rage mata. Wani ma'aikaci ya leƙo ya ce, "Wadda take danna waya ce mai ciwo? Raki ne, allura kawai take so." Ta juyo ta ce da ni a hankali, "Kawu, wallahi kamar ana daka mini ƙashi a turmi." Dabarar da take taimakon kanta da ita, ita aka mayar hujja a kanta.

Can wata dattijuwar nas ta zo. Ta zauna a bakin bencin, ta kama hannunta ta ce, "Sannu 'yata, na san ciwon nan. Ga allura na kawo, kafin a jima za ki ji ya fara saki." Na ga kafaɗun yarinyar sun sauko tun ruwan allurar bai gama shiga ba. Maganin ne ya yi babban aikin, ba na musun wannan. Amma mun ga abin da kalma take ƙara wa magani, mun kuma ga abin da take rage masa.

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da sikila, kimanin 150,000 a shekara. Har yau babu na'urar da likita zai ɗora wa mutum ta faɗa masa yawan ciwon da yake ji, yadda ake auna zazzaɓi ko hawan jini. Abin da ake da shi shi ne bakin mai ciwon. Idan an ce ciwo a ƙwaƙwalwa ake haɗa shi, wannan gaskiya ce game da kowane ciwo, har na wanda ya karye a gabanka, don haka ba ta zama dalilin ƙaryata kowa ba. Mai jinya, a gida kake ko a asibiti, idan mara lafiya ya ce maka yana ciwo, ka fara da yarda, sannan ka nemi dalili.

Saura allurar da nas ta kawo. Ta yaya ruwan da bai cika cokali ba yake kwantar da azabar da ta gagari mutum? Me ya bambanta farasitamol da mofin, kuma me ya sa taramol, da aka yi domin masu ciwo, ya koma abin da yake cinye samarinmu a tasha da gona da wurin haƙar ma'adinai? Guraben nan da aka gano a 1973 su ne bakin zaren, kuma daga kansu babi na gaba zai tashi.